ZIYARAR IBADA ZUWA URUSHALIMA: ME MUKE ZUWA NEMA?

Karatu: Zabura 122, Luka 19:28-44, Luka 24:1-12

Mun saba ganin waɗansunmu suna dawowa daga Ƙasa Mai Tsarki. Mukan tarye su da waƙa a ƙofar majami'a, su kuma su raba mana rozari na itacen zaitun da ruwan Kogin Urdun cikin 'yan kwalabe. Daga nan sai a ƙara musu haruffa biyu, JP, a bayan suna. Wannan duka abin farin ciki ne. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, da waɗanda suka je da waɗanda ba su taɓa zuwa ba: me Kirista yake zuwa nema a Urushalima? Idan ba mu san amsar ba, mai tafiya zai kashe kuɗinsa ya dawo yadda ya tafi, wanda bai je ba kuma zai riƙa ganin kamar an bar shi a baya wajen bangaskiya. A wannan darasi za mu bi wuraren nan bisa ga tsarin Mako Mai Tsarki, mu ga abin da kowannensu yake koya mana.

1. Asalin ziyara

Dokar Musa ta umarci mazan Isra'ila su hallara a gaban Ubangiji sau uku a shekara: a Idin Ƙetarewa, da Idin Makonni, da Idin Bukkoki (Maimaitawar Shari'a 16:16). Urushalima tana kan tudu, sama da mita 750 daga bakin teku, shi ya sa Littafi Mai Tsarki yakan yi maganar haurawa zuwa can. Zabura goma sha biyar, daga ta 120 zuwa ta 134, waƙoƙin masu wannan hawa ne. Yusufu da Maryamu sukan je kowace shekara, har suka tafi da Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu (Luka 2:41-42).

Duk da haka Ikkilisiya ba ta wajabta wa kowa wannan tafiya ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da aikin Hajji wanda yake farilla ga mai hali. Mu ba a ɗora mana irin wannan ba, gama Ubangijinmu ya koya wa matar nan ta Samariya cewa sujada ta gaskiya ba ta rataya ga wani dutse ko wani birni ba (Yohanna 4:21-24). Waliyyi Jerom, wanda ya yi sama da shekara talatin a Baitalami har ya rasu a 420, ya gargaɗi wani abokinsa cewa zuwa Urushalima kaɗai bai isa yabo ba, sai in an yi zaman kirki. To, me ya sa muke zuwa? Domin Ɗan Allah ya zama mutum a wani lokaci sananne, a wata ƙasa sananniya. Ya taka ƙasa, ya ji ƙishi, ya mutu a bayan ganuwar wani birni da yake nan har yau. Bangaskiyarmu ba tatsuniya ba ce da ake buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku". Tana da wuri da kwanan wata, mai ziyara kuwa yana zuwa ne ya sa ƙafarsa a wurin.

2. Yadda aka kiyaye wuraren

A shekara ta 70 bayan haihuwar Kristi sojojin Roma suka rushe Urushalima da Haikali. Wajen 135 Sarki Hadiriyan ya sāke gina birnin da sabon suna, ya kuma kafa ɗakin gumaka a kan wurin da Kiristoci suke tunawa da mutuwar Ubangiji da tashinsa. Abin da aka yi domin a binne wurin, shi ne ya zama alamarsa. Bayan Taron Nisiya na 325, Sarki Kustantin ya ba Bishof Makariyus na Urushalima izini ya rushe ɗakin gumakan. Da aka haƙa sai aka tarar da kabari sassaƙaƙƙe cikin dutse. Mahaifiyar sarkin, Waliyyiya Helena, ta kai ziyara wajen 326 tana tsohuwa tukuf, aka kuma keɓe babbar majami'ar a watan Satumba na 335. Daga nan ne muka sami Idin Ɗaukaka Gicciye Mai Tsarki da muke yi ran 14 ga Satumba.

Wata baiwar Allah mai suna Egeriya ta zo daga yammacin Turai tsakanin 381 da 384, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata abin da ta gani. Daga rubutunta muka san cewa tun a lokacin ana gangarowa daga Dutsen Zaitun da rassan dabino a ranar Lahadi kafin Ista, ana kuma sumbatar itacen gicciye ranar Jumma'a Mai Kyau. Ashe abin da muke yi a majami'unmu cikin Mako Mai Tsarki, masu ziyara ne suka kwaso shi daga Urushalima suka yaɗa a duniya.

Tsohon birnin da ake gani yau bai cika murabba'in kilomita ɗaya ba. Ganuwarsa Sarkin Turkawa Sulaimanu ne ya gina ta tsakanin 1537 da 1541. Birnin kuwa mai tsarki ne ga Yahudawa da Kiristoci da Musulmi, waɗanda suke kiransa Ƙudus.

3. Dutsen Zaitun

Dutsen Zaitun yana gabas da birnin, Kwarin Kidron ne ya raba su. A gefensa na gabas Betafaji take, inda aka kwanto wa Yesu aholakin jaki. Daga can ne jerin gwanon Lahadin Dabino yake tashi kowace shekara. A tsakiyar gangaren akwai wata ƙaramar majami'a da aka gina a 1955 da siffar ɗigon hawaye, domin tunawa da kukan da Yesu ya yi wa birnin (Luka 19:41-44). Tagar da take bayan bagade tana duban Urushalima, har mai jin Misa yana ganin birnin a bayan ƙoƙon da Fada ya ɗaga.

Mu lura da dalilin kukan. Mutanen birnin suna da Haikali, suna da firistoci, suna da hadayu safe da yamma, amma ba su gane ranar da Allah ya ziyarce su ba. Zama kusa da wuri mai tsarki bai buɗe musu ido ba. Wannan ne gargaɗi na fari ga mai ziyara, da kuma mu da muke zama a bencin gaba kowace Lahadi.

4. Benen Jibin Ƙarshe da Getsamani

A Dutsen Sihiyona, kudu da ganuwa, akwai benen da ake tunawa da Jibin Ƙarshe da saukowar Ruhu Mai Tsarki ranar Fentikos. Ɗakin da yake tsaye yanzu ginin zamanin tsakiya ne, ba wanda manzanni suka zauna a ciki ba, amma Kiristoci suna taruwa a wannan wuri tun ƙarnonin farko. Abin da yakan ba mai ziyara mamaki shi ne ɗakin fayau yake, ba bagade. An fitar da 'yan'uwan Waliyyi Faransis daga wurin a ƙarni na 16, ba a kuma yin Misa a ciki sai da izini na musamman, kamar yadda aka ba Paparoma Yohanna Bulus na II a 2000 da Paparoma Faransis a 2014. A ɗakin da aka kafa Yukaris, mai ziyara ba ya samun karɓarsa. Amma a ƙaramar majami'ar ƙauyenmu, duk ranar da Fada ya zo, muna karɓa. Sai mu yi tunani a kan wannan.

Daga benen Yesu ya gangara ya haye Kidron zuwa Getsamani, sunan da yake nufin wurin matse man zaitun. Akwai tsofaffin itatuwan zaitun guda takwas a lambun. Binciken da aka bayyana a 2012 ya nuna cewa kututturan uku daga cikinsu na ƙarni na 12 ne, kuma duka takwas ɗin daga uwa ɗaya aka dasa su. Kusa da su akwai Majami'ar Dukan Al'ummai da aka gama a 1924 da gudummawar ƙasashe da dama. An sa mata tagogi masu duhu da gangan domin cikinta ya zama kamar dare, a gaban bagade kuma ga falalen dutse inda ake tunawa da addu'ar Yesu. A nan almajirai uku suka yi barci alhali an roƙe su su yi tsaro na sa'a ɗaya tak (Markus 14:32-42). Da aka kama shi, aka komo da shi gidan Kayafa. A gangaren Sihiyona akwai majami'ar Waliyyi Bitrus ta Carar Zakara, da tsofaffin matakalan dutse a gefenta masu gangarawa zuwa kwari. Wanda ya yi barci a lambu, shi ne ya yi musu a tsakar gida. Mai sakaci da addu'a ba ya daɗewa a tsaye ranar gwaji.

5. Hanyar Gicciye

Idan aka shiga birnin ta Ƙofar Waliyyi Istifanus, a hannun dama akwai majami'ar Waliyyiya Hannatu, mahaifiyar Budurwa Maryamu, ginin ƙarni na 12. A harabarta aka tono tafkin Betasda mai shirayi biyar, inda Yesu ya warkar da mutumin da ya yi shekara 38 yana ciwo (Yohanna 5:2-9). Masu kula da wurin tun 1878 su ne Masu Mishan na Afirka, ƙungiyar da ta kai Bishara Navrongo a arewacin Gana a 1906.

Gaba kaɗan Hanyar Gicciye take farawa. Tsawonta wajen mita 600 ne. Tashoshi tara suna kan titi, biyar na ƙarshe suna cikin Majami'ar Kabari Mai Tsarki. Kowace Jumma'a da yamma 'yan'uwan Waliyyi Faransis sukan jagoranci jama'a a bi ta da addu'a. Wanda ya zaci zai sami shiru zai sha mamaki, domin hanyar ta ratsa tsakiyar kasuwa. Ga masu shaguna suna kiran ciniki, ga masu tura kaya suna neman hanya, ga yara suna komowa daga makaranta. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai. Ran da Yesu ya ɗauki gicciye, birnin cike yake da baƙin Idi, kowa yana harkar gabansa. Saminu Bakurane ma daga ƙauye yake shigowa aka tilasta masa, shi kuwa mutumin Afirka ne, gama Kurane tana cikin ƙasar Libiya ta yau.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan abu biyu. Na ɗaya, titin birnin na zamanin Yesu yana ƙarƙashin na yanzu, masana da yawa kuma suna ganin Bilatus ya yi shari'ar ne a fādar Hirudus da take yammacin birnin, ba inda hanyar take farawa yau ba. Na biyu, faɗuwar Yesu sau uku, da gamuwarsa da mahaifiyarsa a hanya, da Beronika mai share masa fuska, daga al'adar ibada ta Ikkilisiya suka zo, ba a rubuce suke cikin Bishara ba. Wannan bai rage wa ibadar kome ba. Ikkilisiya ba ta taɓa cewa ceto yana ga gano ainihin dutsen da ya taka ba. Abin da ta sa a gabanmu shi ne mu bi shi.

Shi ya sa ta kawo hanyar har ƙofar gidanmu. Tun 1342 Paparoma Kilemen na VI ya danƙa wa 'yan'uwan Waliyyi Faransis kula da wurare masu tsarki. Da suka ga yawancin masu bi ba za su taɓa iya zuwa ba, sai suka fara kafa tashoshin a ƙasashensu. A 1731 Paparoma Kilemen na XII ya tsai da yawansu goma sha huɗu. Hotunan nan da suke jere a bangon majami'armu, ashe, Urushalima ce aka kawo wa wanda ba shi da kuɗin jirgi. Tsohuwar da take durƙusawa a gabansu kowace Jumma'a ta lokacin Azumi, ita ma mai ziyara ce.

6. Kalfari da Kabari

Mutane sukan yi mamaki su ga Golgota a tsakiyar gari, alhali Littafi ya ce a bayan ƙofar birni Yesu ya sha wuya (Ibraniyawa 13:12). Amsar ita ce a lokacin wurin yana waje. Tsohon wurin fasa dutse ne da aka daina aiki a ciki, mutane suka sassaƙa kaburbura a jikinsa. Sai tsakanin 41 da 44 Sarki Agaribas na I ya faɗaɗa ganuwa ta haɗa da shi. Har yanzu ana ganin waɗansu kaburbura na wancan zamani a bayan kabarin Ubangiji. A haƙar da aka fara a ƙarƙashin daɓen majami'ar a 2022 an sami alamun zaitun da inabi, abin da ya yi daidai da lambun da Yohanna ya ambata (19:41).

Majami'ar ta sha wahala. Farisawa sun ƙone ta a 614. Sa'ad da birnin ya shiga hannun Musulmi wajen 638, an ruwaito cewa Halifa Umar ya ƙi yin salla a cikinta domin kada mabiyansa su mai da ita masallaci a bayansa. Wani mai mulkin Masar, al-Hakim, ya rushe ta a 1009. Aka sāke ginawa, aka keɓe ginin da yake tsaye yanzu a 1149, gobara kuma ta ci wani sashe a 1808.

Da an shiga ƙofa, a dama akwai matakala mai tsayi zuwa Kalfari. A ƙarƙashin bagade akwai rami inda mutum zai durƙusa ya miƙa hannu ya taɓa dutsen. A ƙasa ga shimfiɗaɗɗen dutse na tunawa da shafe jikin Yesu. Daga nan sai kabarin, cikin wani ɗan ɗaki da aka gina a 1810, aka gyara a 2016 zuwa 2017. Mutum uku ko huɗu ne kawai suke iya shiga a lokaci guda. Akan yi dogon layi, a sunkuya a shiga, kafin a gama Ubanmu guda mai tsaro ya ce a fito.

To, me mai ziyara ya gani a ciki? Bai ga kowa ba. Ko'ina a duniya ana ziyartar kabari ne saboda wanda yake kwance a ciki. Wannan kabari kaɗai ake zuwa domin a tabbatar babu kowa. Abin da mala'iku suka faɗa wa mata da asubar Lahadi ke nan, suka kuma aike su su koma su ba da labari (Luka 24:1-12, Matiyu 28:5-8). Ba a ce su zauna a wurin ba. Wannan ce amsar tambayarmu ta farko. Muna zuwa Urushalima domin mu ga inda ya kwanta, mu tabbata ya tashi, sa'an nan mu komo mu neme shi inda ya ce za a same shi: cikin Maganarsa, cikin Yukaris, cikin taron masu bi, da wurin mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku (Matiyu 25:35-40).

7. Abin kunya da abin bege

Ikkilisiyoyi shida ne suke raba wannan majami'a: Girkawa Otodoks, da Katolika, da Armeniyawa, da Kibɗawan Masar, da Habashawa, da Suriyawa. Wata doka ta zamanin Turkawa, ta 1757 da 1852, ta ƙayyade wa kowa wurinsa da sa'arsa. Saboda ba a taɓa kome sai da yardar kowa, akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga da ya fi shekara ɗari biyu a wurin. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun gidaje biyu na Musulmi, gidan Juda masu ajiye shi da gidan Nusaiba masu buɗewa, tun ƙarnoni da yawa. Rabuwar Kiristoci a bakin kabarin wanda ya yi addu'a su zama ɗaya (Yohanna 17) abin kunya ne gare mu duka. Amma akwai bege. A Urushalima ne Paparoma Bulus na VI ya rungumi Babban Uba Atenagoras na Otodoks a Janairun 1964, bayan ƙarnoni na gaba. Gyaran kabarin na 2016 ma da haɗin kai aka yi shi. Amanar mabuɗin nan kuma darasi ce gare mu da muke zaune unguwa ɗaya da Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya.

Kada kuma mu manta da duwatsu masu rai (1 Bitrus 2:5). Akwai Kiristoci 'yan ƙasa a Urushalima, yawancinsu Larabawa, ba su kai kashi biyu cikin ɗari na mazaunan birnin ba. Da yawa abincinsu yana ga masu ziyara. Annobar 2020 da yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023 sun tsai da baƙi na dogon lokaci, iyalai da dama suka shiga ƙunci. Baikon da muke bayarwa ranar Jumma'a Mai Kyau, wanda Paparoma Bulus na VI ya ƙarfafa a 1974, domin su ne: makarantunsu, da gidajensu, da kula da wurare masu tsarki. Manzo Bulus ma ya tara wa matalautan Urushalima gudummawa (Romawa 15:25-27).

8. Abin da za mu yi

Wanda Allah ya buɗe masa hanya, ko ta hukumar masu ziyara ta Kirista da gwamnatin Nijeriya ta kafa a 2007 ko ta wata hanya, sai ya shirya zuciyarsa kafin jakarsa. Ya je furta zunubi, ya shirya da wanda suke gaba, ya biya bashin da ake binsa, ya karanta Bishara ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada ya sayar da gonar da 'ya'yansa suke ci domin neman suna. A can ya ba addu'a lokaci fiye da hoto da sayayya, ya kuma nemi yin Misa tare da Kiristocin wurin. In ya dawo, iyalinsa ne za su fara shaida ko ya je, tun kafin a ga haruffan bayan sunansa.

Mu da ba mu je ba, kada mu yi baƙin ciki. Mu riƙe Hanyar Gicciye da Mako Mai Tsarki da muhimmanci, mu buɗe hannu ranar Jumma'a Mai Kyau, mu yi wa birnin addu'ar salama kamar yadda Zabura 122 ta umarta.

Tambayoyi domin nazari a ƙungiyoyi

1. Me ya sa Ikkilisiya take girmama ziyara amma ba ta wajabta ta ba?
2. Mutanen Urushalima suna kusa da Haikali amma ba su gane Yesu ba. Ta yaya wannan zai iya faruwa da mu?
3. Wane ne yake ɗauke da gicciye a unguwarmu a wannan mako, wa zai zama masa Saminu?
4. Me za mu koya daga amanar mabuɗin majami'ar game da zamanmu da maƙwabta?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, ka bi titunan Urushalima da gicciye saboda mu, ka kuma bar kabarinka fayau. Ka kiyaye 'yan'uwanmu masu tafiya, ka komo da su da sabuwar zuciya. Ka ba mazaunan birnin nan salama. Mu da muke gida kuma, ka buɗe idanunmu mu gane ka a bagade da kuma a fuskar maƙwabcinmu, har ran da za ka kai mu Urushalima ta sama. Amin.